Sikana: abin da majinyaci daga Timia zai tarar



Idan likita ya rubuta wa mutumin Timia takardar sikana, abu biyu ke faɗo masa a rai: tsoron na'urar da nisan hanya. Na zo ne in rage muku tsoron, domin ku sami sararin shirya wa tafiyar. Daga nan Timia zuwa Agadez fiye da kilomita 200 ne na duwatsu da rairayi, wani majinyacin kuma sai an miƙa shi Yamai, wajen kilomita 950 gaba. Bai kamata a yi wannan tafiya sau biyu don an manta takarda ɗaya ba.

Hoton rediyo da kuka sani inuwar ƙashi yake nunawa daga gefe guda. Sikana kuwa kewaya jiki take yi da irin hasken hoton rediyon, kwamfuta ta jera hotunan yanka-yanka, kamar yadda kuke yanka lemun garkarku ku ga cikinsa. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta a Ingila, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan cikin 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Da ita ake gane jini ya taru a cikin kan wanda ya faɗo daga babur ko bishiyar dabino. Da ita ake bambance shanyewar ɓarin jiki ta fashewar jijiya da ta toshewarta, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

A ɗakin, za a ce ku cire duk wani ƙarfe kusa da inda za a duba: sarƙar azurfa, ƴan kunne, laya mai gidan ƙarfe. Ƙarfe yana ɓata hoto. Wataƙila a roƙi dattijo ya sassauta rawani, kuma yana da damar neman a rage mutane kafin ya yi. Sai ku kwanta a kan siririn gado, ya shiga da ku cikin wani babban zagaye, buɗe gaba da baya. Ba zafi, ba yanka. Ma'aikacin yana bayan gilashi, yana ganinku, yana jin muryarku. Idan ya ce ku riƙe numfashi, daƙiƙoƙi kaɗan ne. Wanda ba ya jin Faransanci ko Hausa sosai, a yi masa bayanin wannan da Tamashek tun a waje, domin motsi ɗaya kan sa a sake ɗauka.

Allurar da ake yi wa wasu ita ce ta fi razana mutane. Ruwa ne mai sinadarin aidin da ke haska jijiyoyi. Za ku ji ɗumi ya ratsa jiki, ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya ɗauka fitsari ya kufce masa. Bai kufce ba, kuma abin kan wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙoda ce ke fitar da ruwan, shi ya sa ake neman gwajin jini na ƙoda tukuna. Ku tambaya tun kafin ku taso ko za a buƙace shi, da ko za a hana ku abinci na ƴan awoyi. Mai ciwon suga ya faɗi maganin da yake sha, mai asma ya faɗa, haka wanda irin wannan allura ta taɓa sa masa ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi. Iyayena mata, wadda take da ciki ko take zaton tana da shi, don Allah ta faɗa, ko da a kunnen ma'aikaciya ne. Kunya a nan tana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Mutanen ƙasar Ayar, kuna da hujjar yin tambaya kan wannan haske. Sikanar kai ɗaya ta yi kusa da abin da jikin mutum ke ɗauka daga ƙasa da sama cikin shekara guda, ta ciki kuwa ta ninka haka sau uku ko huɗu. Saboda haka ba a yin ta don marmari, musamman ga yara. Amma hasken ba ya zama a jiki: kuna fitowa za ku iya ɗaukar jikokinku.

Bayan an gama ku sha ruwa sosai. Kada ku tsare ma'aikacin da tambayar me ya gani, wani likita ne daban ke karanta hoton ya rubuta rahoto. Ku jira rahoton da hoton su shiga hannunku kafin ku nemi motar gida, ku kai wa likitan da ya tura ku, ku kuma nuna a asibitinmu na nan domin a rubuta a katinku.