San, Chan, Sama: Mu Ma Muna da Namu



Masu kallon finafinan Japan, kun sha jin ana maƙala wa suna "san". Girmamawa ce, kamar Malam ko Malama. "Chan" ta ƙauna ce, ta yara da aminai. "Kun" galibi ta samari ce, "sama" kuma ta manya, irin "ranka ya daɗe". A can mutum ba ya sa wa kansa "san", kuma kiran suna tsirara sai an shaƙu sosai, in ba haka ba raini ne.

To ai mu ma haka muke. Uwa kan ɓoye sunan ɗan fari. Wanda ya ci sunan kaka, sai ka ji Abba ko Ummi. Usman ya koma Shehu albarkacin Ɗanfodiyo, Abdullahi kuma Maigwandu.

Amma yanzu a WhatsApp, yaro zai tura wa yayan babansa "slm, ya kk", ba Baba ba Baffa. Wallahi dattawa suna lura, ko ba su tanka ba. Kafin ka tura saƙo, sa masa girmansa.

Ku faɗa mana, wane suna ake ɓoyewa a gidanku? Sai mako mai zuwa.