Kayanka na Hanya: Bin Sawun Sayayyar Intanet Zuwa Salaga, Yendi da Bawku

Yau za mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan biyan kuɗi. Ka ga waya ko takalmi ko keken ɗinki a Jumia, ko a Jiji, ko a shafin wani ɗan kasuwa a Facebook, ka tura kuɗinka ta MoMo, sai jira. A wannan jiran ne ake yawan samun ɓacin rai, a nan ne kuma 'yan damfara suke kafa tarkonsu.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Lambar bin sawu tana gaya maka wurin da kayanka suka bi na ƙarshe, ba ta gaya maka inda suke a wannan minti. Sai ma'aikaci ya haska lambar da na'ura a wata tasha, sannan labari ya sauya a wayarka. Tsakanin tasha da tasha, shiru ne. Daga Akra zuwa Tamale kusan kilomita 600 ne. Daga Tamale zuwa Yendi kusan 100, zuwa Salaga ɗari da 'yan kai. Mai zuwa Bawku kuwa sai ya bi ta Bolgatanga, ya ƙara kusan kilomita 80. Don haka in ka ga kwana biyu rubutu bai motsa ba, kada ka ce kaya sun ɓata, mai yiwuwa suna cikin mota.

To, wace lamba za ka nema? Iri uku ne, kuma mutane kan haɗa su. Ta farko lambar oda, wadda kamfani ke ba ka da zarar ka saya. Ita shaida ce cewa ka yi ciniki, ba ta nuna cewa kaya sun tashi. Ta biyu lambar bin sawu, wadda mai ɗaukar kaya ke bayarwa. In ta gidan waya aka turo daga waje, za ka ga tana da gurbi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙarshe masu nuna ƙasar da kayan suka fito. CN na nufin Sin, GH na nufin Gana. In ta fara da E, saƙon gaggawa ne na EMS, in da R ne, mai rajista ne. Kamfanoni irin su DHL suna da nasu tsarin daban. Ta uku ita ce wadda muka fi sani a nan arewa, takardar kaya ta tashar mota, wadda ake ce wa webil.

Mu ɗan tsaya a kan wannan ta ukun, don yawancin masu sayarwa a Akra da Kumasi ta bas suke turo kaya, ko STC, ko VIP, ko motocin 'yan ƙungiyar GPRTU. A nan bin sawu da baki ake yinsa. Kafin mota ta tashi, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton takardar, da hoton kunshin da sunanka da lambarka a jiki, da lambar mota, da lambar wayar direba ko yaron mota. Ka kuma tambaye shi ƙarara: a ina za a sauke? Da yawa in sun ce suna kai kaya arewa, Tamale ko Bolgatanga suke nufi. Daga can zuwa Salaga ko Yendi ko Bawku wata mota ce, wani kuɗi ne. Wa zai biya? A gama wannan magana kafin kuɗi su bar hannunka, a rubuce a WhatsApp, don magana ta baki ba ta da shaida.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken da ke tasowa daga Kano zuwa kasuwar goro ta Salaga a ƙarni na 19 watanni suke yi a hanya, kuma abin da ya riƙe cinikinsu shi ne sanin madugun ayari da maigidan da zai sauke su a zango. Yau ma haka ne, sai dai madugu ya zama direba. In ba ka san hannun da kayanka suke ciki ba, ba ka da wanda za ka tuhuma.

Sai batun adireshi. Tun watan Oktoba na 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya raba ƙasar gida-gida, kowane gurbi mita biyar a tsaye biyar a kwance, da lambarsa. Ka tsaya a ƙofar gidanka ko shagonka lokacin da za ka ciro lambar, don in ka ciro ta kana majalisa, majalisa za a kai kayan. Ka haɗa da alama sananniya, kamar masallaci ko makaranta ko gidan mai, da lambar waya ta biyu. Mai babur in ya kira sau biyu bai same ka ba, juyawa zai yi.

Yanzu kwana nawa ya kamata ka sa rai? In kamfani ya ce kwana biyar na aiki, Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa ciki. Kayan da aka ɗoro a jirgin ruwa daga Sin zuwa tashar Tema sukan wuce wata guda, kafin ma a zo ga kwastan. Lokacin rangwamen watan Nuwamba oda kan yi yawa, lokacin sabuwar shekarar Sin kuma, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu kan rufe. Mu ma muna da namu dalilan. Da damina, wajen Agusta da Satumba, in aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta kan cika ya wahalar da matafiya. Mai bi ta Yeji zuwa Makango don shiga Salaga dole ya jira jirgin fito. A Bawku kuma, duk lokacin da aka sa dokar hana fita, motoci kan sauya lokacin tafiyarsu. Saboda haka kayan Sallah ko na biki, a yi odarsu da wuri.

Ga gargaɗi. Saƙo zai iya shigo maka cewa an riƙe kayanka, ka danna wani wuri ka biya kuɗin fito. Kada ka danna. Ka shiga manhajar da ka yi sayayya, ko shafin Ghana Post, ka sa lambarka da kanka. Kuɗin fito na gaskiya hukumar haraji ta GRA ke yankawa, kuma da rasit. Lambar sirrinka ta MoMo fa, babu direba ko ma'aikacin kamfani da ke da hurumin tambayarta. In wani ya ce ka amince da saƙon cire kuɗi don a sako maka kaya, ɓarawo ne. Ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana, ka kai ƙara, ka kuma sanar da kamfanin wayarka nan take.

Ranar da kaya suka iso, ka duba kunshin tun mai kawowa yana tsaye. In a yage yake ko a jiƙe, ka ɗauki hoto kafin ka sa hannu. Lokacin buɗewa ka ɗauki bidiyo, ka ajiye kwali da rasit, don kowane kamfani yana da wa'adin mayar da kaya, kuma in ya wuce, ya wuce. Inda aka ba ka zaɓin biya bayan karɓa, ka ɗauke shi, musamman ga wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba.

Kafin ka tura ko sidi ɗaya, ka samu amsar tambaya huɗu: wa zai ɗauko, ina zai sauke, wa zai biya kuɗin mota na ƙarshe, wace lamba zan bi? Mai sayarwar da ya kasa amsa su, ka bar masa kayansa. Allah ya sa albarka a nema, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.