Wace Dabarar Ɗalibai Ce Za Ta Rage Shara a Makarantunmu?



An nemi in yi magana a kan shawarwarin da ɗalibanmu ke kawowa game da shara: yadda za a rage ta, da yadda za a sake moriyar abin da aka yar. A ganina muna tauye waɗannan yara ta fuska biyu. Wani malamin ba ya sauraronsu sam. Wani kuma yana tafa wa kowace dabara, a jera ta a kan tebur ranar da baƙi za su zo, washegari a share ta tare da ƙurar aji. Abin da ya kamace mu shi ne mu auna shawarar yaro kamar yadda za mu auna ta babba, mu gaya masa wadda ta yi da wadda ba ta yi ba, tare da dalili.

Mu fara da ledar ruwan sha, domin ita ce ta fi yawa a harabar kowace makaranta a birnin nan na Kano. A makaranta mai ɗalibai 1,000, idan kowane yaro ya sha leda ɗaya a yini, daga Litinin zuwa Juma'a an yar da leda 5,000. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Iska ce ke kwasarta zuwa magudanar ruwa, ta haɗu da yashi ta toshe hanya. Idan ruwan Agusta ya sauka sai ya kwanta a bakin ajujuwa, sauro ya samu wurin hayayyafa, bayan 'yan makonni kuma rajistar aji ta cika da sunayen waɗanda zazzaɓi ya kwantar. Wadda ba ta faɗa magudana ba, akuyar maƙwabta ta haɗiye ta. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin dabbobi.

Idan aka tambayi yara mafita, abin da suka fi kawowa shi ne kayan ado: furanni na leda, jaka, ƙwallo, mota ta gwangwani. Suna da kyau, suna horar da hannu, ban kuwa raina su ba. Sai dai jaka ɗaya ba ta cin leda fiye da 'yan gomomi, alhali dubbai ake zubarwa, kuma jakar ma idan ta yage bola za ta koma.

Akwai dabarar da ta fi wannan. 'Yan aji biyar a makarantarmu sun ba da shawarar a yanke bakin ledar, a huda ƙasanta, a cika ta da ƙasa da taki, a shuka irin darbejiya ko zogale. Masu rainon itatuwa sun daɗe suna yin haka, amma yaran da kansu suka gano, wannan kuwa abin a yaba ne. Ledar ta yi aiki na biyu, makaranta ta samu inuwa, darasin tsirowar iri ya sauko daga allo zuwa hannu.

Amma shawarar da na fi ba wa maki ita ce wadda ba ta da abin nunawa ko kaɗan. Wata yarinya cewa ta yi a ajiye bokiti mai murfi da famfo a kowane aji, kowa ya zo da kofinsa daga gida, kuma duk mai sayen abinci a bakin ƙofa ya miƙa kwanonsa maimakon a ƙulla masa a leda. Babu wanda zai ɗauki hoton wannan, amma ita kaɗai ce ke hana sharar zuwa tun farko. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi. Iyaye ba don sha'awa suke ba yaro kuɗin ledar ruwa ba, tsoron amai da gudawa ne. Idan ba mu da tabbacin tsabtar ruwan da za a zuba a bokitin, da wanda zai riƙa wanke shi kullum, to mun rage shara mun jawo cuta. Saboda haka dabarar yarinyar nan ta fi ƙarfin aji. Magana ce ta rijiyar burtsatse, ta kwamitin gudanar da makaranta, da ta ƙungiyar iyaye da malamai.

Game da ragowar abinci da ɓawon rake da ganyen da ake sharewa, yara sukan ce a haƙa rami a yi taki. Nan ya kamata mu gaya musu cewa gadonsu ne suka tono. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi rubutu a kan yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta gaji ba. Daga cikin dalilan akwai jakunan da ke shigo da itace birni, su koma ƙauye ɗauke da toka da kashin dabbobi da sharar gidaje. Abin da ya ɓata wannan tsari shi ne sharar yau ta cakuɗe da leda da fasasshen gilashi da matattun batura. Ke nan ramin taki ba zai yi amfani ba sai an raba shara tun daga aji: kwando ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Haka nan mai ƙera fitilar a-ci-bal-bal da gwangwani, da mai yanka takalmi daga tsohuwar taya, da mai narka alminiyom ya zuba tukunya, duk malamai ne a wannan fanni. Gayyato ɗayansu aji na rabin sa'a ya fi shafi uku na rubutun allo.

Akwai shawarwari biyu da dole mu ƙi, ko da yaran sun kawo su da zuciya ɗaya. Ta farko ƙona shara a bayan aji. Hayaƙin roba guba ne, kuma masu ciwon asma ne ke fara jin jiki. Ta biyu ita ce gasar wanda ya fi tara robobi. Da zarar an sa kyauta, yaro zai bar harabar makaranta ya nufi bola, inda akwai allurar da aka yi amfani da ita da tsatsar ƙarfe, ba safar hannu, wani ma ba takalmi. Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu don karatu. Abin da aka tara a cikin makaranta kaɗai za a tara, a kira 'yan jari-bola su auna a bakin ƙofa su biya, a rubuta kuɗin a littafi a gaban ɗalibai. Ga darasin awo da lissafin kuɗi ya samu, ga na riƙon amana.

Manyan ɗalibai kan tambaya me ya sa ba za a hana leda da doka ba. Ana iya gaya musu cewa Ruwanda ta yi haka a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024. A bar su su yi muhawara a kan abin da mai sayar da ƙosai za ta yi idan aka hana ba tare da an ba ta madadi ba.

Roƙona ga reshe guda biyu ne. A rubuta wa Sakataren Ilimi a nemi a duba halin ruwan sha a kowace makaranta, a kuma rubuta wa hukumar REMASAB a nemi ranar da motarta za ta riƙa zuwa kwasar abin da ba ya ruɓewa, don kada mu raba shara mu rasa inda za mu kai ta. Mu kuma malamai, kowa ya sa ajinsa ya ƙirga ledar da aka yar a mako guda, a sake ƙirgawa bayan an gwada dabara ɗaya, mu kawo alƙaluman biyu kafin 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya.