Hanyar Shiga Makarantar Koyon Aikin Jinya

Wannan jawabi ne da aka shirya domin a karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman masu 'ya'ya a sakandare.



Maganar yau a kan aikin jinya ce. Za a bayyana hanyar da ɗan ƙauye ko 'yar ƙauye za su bi su zama nas ko ungozomar asibiti.

Kowa ya san halin da ake ciki a karkara. Akwai ƙauyukan da aka gina wa ɗakin shan magani, amma babu ma'aikaciya. In an turo wata daga birni, ba ta daɗewa sai ta nemi canjin wurin aiki. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare, babu mai duba ta. Kafin a sami mota ta riga ta galabaita.

Yau ana ƙirga irin wannan asara. Binciken lafiya da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 1,000, mata wajen 5 ne ke rasa ransu. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda suna cikin manyan dalilai. Ƙwararriyar ungozoma tana gane alamun waɗannan da wuri, ta taimaka, ko ta tura mace babban asibiti kafin abu ya ɓaci.

Magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba matansu. To, daga ina ma'aikaciya mace za ta fito in ba a bar 'ya'ya mata sun yi karatu ba? 'Yar gari ita ce mai zama a gari. Ta san harshen mutanenta, ta san al'adarsu, su ma sun san gidansu.

Mataki na farko: ajin kimiyya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shirin zama nas yana farawa ne daga ranar da yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare. A nan ake raba ɗalibai. Mai son aikin jinya dole ta shiga ajin kimiyya.

Darussa biyar ake bukata: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Bayoloji shi ne ilmin halittu masu rai. Kemistiri ilmin haɗa sinadarai ne. Fiziks kuwa ya shafi ƙarfi da zafi da haske da lantarki.

Ya kamata uba ya taka har makaranta ya tambayi shugabanta: shin akwai malaman waɗannan darussa biyar? In babu malamin Fiziks ko na Kemistiri, a nemi wata makarantar tun da wuri, ko ta kwana ce. Yara da yawa sai sun gama aji shida suke gane cewa darussan da suka yi ba za su kai su ga aikin jinya ba.

Mataki na biyu: kiredit biyar

A ƙarshen sakandare ana rubuta jarrabawar WAEC ko ta NECO. Dole ɗaliba ta sami kiredit a duk darussan nan biyar. Kiredit shi ne sakamako daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne.

An yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma ba a yarda da uku ba. Misali, yarinya ta ci darussa huɗu a WAEC, ta faɗi Kemistiri. Tana iya sake zama, in ta ci Kemistiri sai a haɗa takardun biyu. Hukumomin biyu duk suna shirya wata jarrabawa ta 'yan waje wajen ƙarshen shekara. Saboda haka faɗuwa sau ɗaya ba ta rufe ƙofa.

Kada iyaye su biya kuɗi a yi wa 'yarsu satar amsa. Mai takardar da ba guminta ba, makarantar jinya za ta tona mata asiri tun a watannin farko.

Mataki na uku: zaɓen makaranta

Akwai hukuma mai kula da aikin jinya da ungozoma a Nijeriya, ana kiranta NMCN a taƙaice. An kafa ta a 1979, hedkwatarta tana Abuja. Ita ke amince wa makaranta. Ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasin yin aiki.

Wanda ya yi karatu a makarantar da hukumar nan ba ta amince da ita ba, ya yi asarar kuɗinsa da shekarunsa. Babu lasin, babu aikin gwamnati. Allon sanarwa mai kyau da fararen riguna ba su ne shaida ba. Kafin a biya ko kwabo, a tambaya a ma'aikatar lafiya ta jiha, ko a sa mai waya ya duba sunan makarantar a jerin da hukumar ke fitarwa a intanet.

Gwamnatocin jihohi suna da makarantunsu. Akwai a Birnin Kudu, Katsina, Malumfashi, Gusau, Sakkwato, Birnin Kebbi, Damaturu, Kafanchan, Madobi da Ɗambatta.

A tsohon tsari shekara 3 ake yi. A 'yan shekarun nan kwalejoji da yawa sun koma tsarin difloma, shekara 2 ƙaramar difloma, shekara 2 babba. A jami'a kuwa, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano, shekara 5 ake yi a sami digiri.

Kada a rikita makarantar jinya da makarantar koyon kiwon lafiya a matakin farko. Ita ma hanya ce mai kyau, ita ke fitar da yawancin ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara. Amma wanda ya fito daga can ba nas ba ne, hukumarsu ma daban take.

Mataki na huɗu: fom da takardu

Jami'o'i da kwalejojin da suka koma tsarin difloma suna ɗaukar ɗalibai ta jarrabawar JAMB. Mai neman jinya tana rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Maki 400 ne gaba ɗaya. Da kwamfuta ake yin ta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, a kai ta ta koya kafin ranar. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN.

Bayan wannan, makaranta takan sayar da fom nata. A saya a inda makarantar ta faɗa, a karɓi rasit. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a ɓoye zai samo gurbi, a guje shi.

Takardun da za a tanada su ne: sakamakon sakandare, takardar shaidar gama firamare, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da ƙananan hotuna. A ɗauki kwafin kowace, a adana na asali a cikin leda saboda ruwa da gara.

Ga abin lura. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a duk takardu. In an rubuta Hauwa a wata takarda, Kulu a wata, za a sha wahala. A gyara tun kafin a sayi fom.

Mataki na biyar: gwaji da ganawa

Makarantu da yawa suna yin nasu gwajin, sannan su gana da ɗaliba ido da ido. A je da wuri, cikin tsabta, da takardun asali. Za a yi tambaya da Turanci. Akan tambayi dalilin da ya sa take son aikin. Ta amsa da gaskiya, ta ɗaga murya yadda za a ji. Kunya ado ce, amma mai yin shiru a wurin ganawa ba ta samun maki.

Mataki na shida: watannin farko

Samun gurbi ba shi ne ƙarshen aiki ba. Watanni shida na farko su ne mafi tsanani, ɗalibai suna kiransu PTS. Ana koyar da sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki, da auna zafin jiki da bugun jini, da gyaran gadon majiyyaci. Daga nan sai jarrabawa, wadda akan tankaɗe ɗalibai da ita. Wadda ta haye sai ta fara zuwa ɗakunan majiyyata, har da aikin dare.

Don haka kada a zauna hannu rabbana ana jiran sakamako. A ci gaba da bitar littafin Bayoloji. A riƙa karanta Turanci kullum, ko shafi ɗaya ne. A kuma tambayi zuciya, domin aikin jinya ya haɗa da ganin jini da wanke gyambo da haƙuri da mai ciwo.

Nauyin da ke kan iyaye da gari

Karatun yana cin kuɗi: na makaranta, littattafai, riguna, abinci da na mota. A fara tanadi tun daga kaka. Wani yakan ware tunkiya ko ɗan maraƙi saboda wannan. A kuma tambayi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ko akwai taimako.

Aure ba ya hana wannan karatu in miji ya ba da goyon baya. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri mai suna Women for Health, da taimakon gwamnatin Ingila, a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. An ɗauko mata daga ƙauyuka, har da matan aure masu goyo. An ba su horon share fage, suka cike kiredit ɗinsu, da yawa suka shiga makarantun jinya da ungozoma. Wannan ya nuna 'yar ƙauye ba ta rasa kai ba, dama ta rasa.

Dagatai da limamai da ƙungiyoyin gari suna iya haɗa kai su zaɓi yarinya ɗaya ko biyu masu ƙoƙari, su ɗauki nauyinsu, bisa alkawarin za su dawo su yi wa garinsu aiki. Samari ma ba a bar su a baya ba, domin ɗakunan maza suna bukatar masu jinya maza.

Duk mai ɗa ko 'ya a aji uku na ƙaramar sakandare, ya je makaranta a wannan wata ya yi tambaya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba mai nema sa'a, ya sauki mata lafiya.