KWANCIN KAZA DA RENON 'YAN TSAKI

Maganarmu ta yau a kan kajin gida ce, kuma iyayenmu mata su matso kusa, don yawancin kajin nan a hannunsu suke.

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. Takan yi haka sau uku ko huɗu a shekara. To, kowa ya tuna kazarsa ta bara. 'Yan tsaki nawa ta fito da su, nawa kuma suka kai a sayar ko a yanka? Nan asarar take. Kaza ta iya kwanci, ba sai an koya mata ba. Inda take bukatar hannunmu shi ne wajen zaɓen ƙwai, da kuma makonni shida na farko bayan ƙyanƙyasa.

Mu fara da ƙwai. In babu zakara a gida ƙwai ba ya ƙyanƙyasa, zakara ɗaya kuwa ya ishi kaji 8 zuwa 10. Ku riƙa kwashe ƙwai kullum, ku bar mata guda ɗaya a wurin don kada ta sake wurin yi. Wanda kuka kwashe ku jera shi a sabuwar tukunya mai yashi, tsinin yana ƙasa, a ɗaki mai sanyi. Kada ya wuce kwana 7 a ajiye, balle da bazara, don zafin Maris da Afrilu yana lalata ƙwai da sauri. Mai tsaga, da mai ƙazanta, da ƙanƙane, da babban da ya fita daban, duk a kai su tukunyar miya. Kada a wanke ƙwan da za a sa wa kaza, ruwa yana tura ƙwayoyin cuta ciki ta ƙofofin ɓawo.

Kazar da ta shirya kwanci ba ta ɓuya. Za ta zauna wuri ɗaya dare da rana, in ka kai hannu ta tashi gashinta ta sare ka. Ku ba ta kwana biyu a kan ƙwai ɗaya ku gani ko da gaske take, don wata takan tashi bayan kwana ɗaya. In za a sake mata wuri, a ɗauke ta da dare. A yi mata wurin a ƙasa, a lungun da babu hayaniya: yashi mai ɗan danshi a ƙasa, sannan toka, sannan busasshiyar ciyawa. Danshin yana taimako lokacin rani da iska ta bushe. Tokar kuwa saboda ƙuma da ƙwarƙwata ne, su ne kan hana kaza sakat har ta bar ƙwanta.

Ƙwai nawa za a sa mata? Ƙaramar kaza 8, babba 10, in ta cika girma 12. Na san wasu kan cusa mata 15 ko fiye don son riba. Ku sani kaza tana juya ƙwanta kullum, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe. In ba ta iya rufe su duka, kowane ƙwai sai ya sha sanyi bi da bi, a tashi da biyar maimakon goma. Ku sa su duka rana ɗaya, ku yi wa kowanne alama da gawayi ko fensir. Wata kaza takan shigo ta yi nata a ciki, wanda ba shi da alama sai a cire.

Kwanci kwana 21 ne. Kullum takan tashi sau ɗaya ta ci ta sha ta yi birgima, ta koma. Ku ajiye mata hatsi da ruwa kusa don kada ta yi nisa. A kwana na 7 zuwa na 10, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila, ko ta waya ma ta isa. Mai rai za ku ga jijiyoyi ja da ɗan baƙin ɗigo. Wanda haske ya ratsa fes, babu komai a cikinsa, a cire kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata saura. Daga kwana na 18 kada a ƙara ɗaga ta. In ɗan tsako ya huda ɓawo yana iya yin yini guda kafin ya fito. A hana yara ɓare masa.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damina su lura, shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. In an haɗa shi da na kaza rana ɗaya, nata za su fito ta tashi ta bar na zabin. Sai a fara sa na zabi, bayan mako guda a ƙara na kaza.

Yanzu ga babbar magana. Al'adarmu ita ce da kaza ta ƙyanƙyashe sai ta fita yawo da 'ya'yanta. Shirwa ta ɗauka, hankaka ya ɗauka, wani ya faɗa kwata, wani raɓa ta jiƙa shi sanyi ya kashe shi, da dare kuma ga ɓera da muzuru. Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa sai gashinsa ya fito sosai, shi ya sa jiƙewa ɗaya kan kai shi. Saboda haka ku tsare uwa da 'ya'yanta. Babban kwando da za a kife ya isa, ko akurkin kara mai rufi. Da rana a ajiye shi a inuwa, wuri busasshe, a riƙa gusar da shi kullum don kada kashi ya taru. Da dare a shigar da su ɗaki. Makonni biyu na farko kada su fita ko kaɗan. Bayan haka ana iya sakinsu in rana ta ɗaga raɓa ta bushe, wani yana lura da su, a mayar da su kafin la'asar.

Wanda ya tsare su, ciyarwa ta hau kansa. Ranar farko ba sa bukatar abinci, ƙwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su, amma a ba su ruwa. A zuba a murfin kwano marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don kada su nutse, a sake shi safe da yamma. Abinci kuwa, dusa zalla ba ta gina jiki. Ku haɗa kwano uku na tsakin masara ko dawa da kwano ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji da gishiri. Waken suya ma yana yi, amma sai an soya shi, ɗanye yana hana girma. Ƙulin da ya yi funfuna guba ne gare su. A ƙara musu gara in an samu, da ɗan yankakken ganyen zogale. Mai hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu, mudu kaɗan ya ishi ƙyanƙyasa ɗaya a makonnin farko. A ba su kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, uwar kuma a ba ta nata hatsi daban, in ba haka ba ita za ta cinye.

Saura cuta. Kun san wadda kan share kaji da hunturu, su yi koren zawo, wuya ya murɗe, wadda wasu ke kira fakat. Likitoci na ce mata Niyukasul. Ba ta da magani in ta kama, kafso da jar barkono a ruwa ba sa kashe ta. Rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin wani mai suna I-2 wanda yake jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da ƙarami. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, kuma ku tabbata an yi ɗaya a watan Oktoba kafin sanyi ya shigo. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai unguwa ta haɗu ta kira ma'aikacin lafiyar dabbobi rana guda. Kazar da aka sayo kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

In 'yan tsaki sun cika mako shida gashi ya rufe su, sai a raba su da uwar. A ba ta abinci sosai, ba za ta daɗe ba za ta koma ƙwai. Mai tambaya ya ɗaga hannu.