JAWABIN KWAMITIN BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN, TUDUN WADA, GUSAU, A KAN RAYUWA DA AIKIN BISHOF MATTHEW HASSAN KUKAH



Da kwamiti ya zauna shawarar abin da za mu faɗa a yau, sai muka ga ya dace mu ɗauki rayuwar mutum guda mu duba, ko ma sami abin koyi na shekaru hamsin masu zuwa. Mun zaɓi Bishof Matthew Hassan Kukah, wanda aka naɗa Bishof na Sakkwato ranar 8 ga Satumba, 2011, Dayosis ɗin da Gusau take ciki.

Kafin shi akwai waɗanda suka share fage. Fada-fadan Dominikan daga Amurka ne aka danƙa wa aikin wannan yanki, aka kafa shi a 1953, ya zama cikakken Dayosis a 1964. Bishof Edward Lawton ne na fari, sai Bishof Michael Dempsey, sai Bishof Kevin Aje. Sistocin Dominikan kuwa sun iso Gusau a 1956. Allah ya saka masu da alheri.

An haifi Bishof Kukah ranar 31 ga Agusta, 1952, a ƙauyen Anchuna, ƙasar Zangon Kataf, Jihar Kaduna. Ɗan talakawa ne kamar yawancinmu. Ya yi ƙaramar makarantar horon firistoci ta St. Joseph a Zariya, ya wuce babbar ta St. Augustine a Jos inda ya karanta falsafa da tauhidi. An keɓe shi firist ranar 19 ga Disamba, 1976, yana da shekara 24.

Bai tsaya nan ba. Ya tafi Jami'ar Bradford a Ingila ya yi digiri na biyu a kan sha'anin zaman lafiya, daga baya ya sami digirin dakta a Jami'ar Landan. Abin da ya bincika shi ne yadda addini da siyasa da mulki suke cuɗanya a Arewacin Nijeriya, aka kuma buga binciken ya zama littafi a 1993. Wani zai ce, me ya kai firist ga wannan? Amsa ita ce, makiyayi ba ya sanin tumaki kaɗai, sai ya san dajin da suke kiwo. Fada Kukah ya zauna da malamai da sarakuna da 'yan siyasa, ya yi tambaya, ya saurara, don ya fahimci abin da ke haɗa mu da abin da ke raba mu.

Wannan ilimi ne ya sa ƙasa ta neme shi. Ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Sakatariyar Katolika ta Nijeriya a zamanin mulkin soja, lokacin da faɗin gaskiya ke iya jefa mutum kurkuku. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa shi cikin Hukumar Mai Shari'a Oputa, wadda ta saurari koke-koken waɗanda aka zalunta. A 2005 ya yi Sakataren Taron Gyaran Siyasa na Ƙasa, aka kuma ba shi aikin sasanta mutanen Ogoni da kamfanin mai na Shell. Gab da zaɓen 2015 ya yi aiki tare da Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, wanda ya sa Shugaba Jonathan da Janar Buhari suka sa hannu cewa za su amince da zaɓe ba tare da tashin hankali ba.

Ba mu ce kowa na jin daɗin maganarsa ba. Saƙonsa na Kirsimeti a 2020 ya ɓata wa mutane da dama rai. Amma ko masu sukarsa sun san bai daina zama da su a tabarma ɗaya ba. Gaskiya ɗaci gare ta, sai dai mai faɗinta ba ya rufe ƙofa.

'Yan'uwa, ina darasinmu? Mun san halin da muke ciki. Manomin Tsafe yana tsoron gonarsa, matafiyi a hanyar Funtuwa hankalinsa ba ya kwance sai ya sauka. 'Yan bindiga ba su tambayar addinin wanda za su sace. Cikin irin wannan hali da sauƙi mutum ya shige gida ya rufe ƙofa, ya zargi maƙwabcinsa. Rayuwar Bishof ta nuna mana wata hanya.

Na ɗaya, mu san maƙwabtanmu. Mu je suna, mu je ta'aziyya, mu yi masu barka da Sallah kamar yadda suke yi mana barka da Kirsimeti. Na biyu, kome tsanani kada mu cire yaro daga makaranta, mace ko namiji. Daga makarantar ƙauye wannan bawan Allah ya fito. A 2023 ma mun ga an naɗa Bishof Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, a sabon Dayosis na Katsina. Me zai hana gobe a sami ɗan Bunguɗu? Na uku, mu faɗi gaskiya da ladabi, ko a gaban wa, mu fara kuma da gyaran gidanmu.

A ƙarshe muna godiya ga iyayenmu da suka ɗauki ƙasa da ruwa a ka suka gina wannan wuri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya ba su hutawa ta har abada. Allah ya ƙara wa Bishof lafiya da hikima, ya ba Jihar Zamfara da Nijeriya zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Allah ya albarkace mu duka. Amin.