Sanin Ƙarfin Leza Kafin A Ƙera Ta



Daga cikin masu zuwa asibitoci irin na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi domin a cire musu yanar ido, akwai waɗanda bayan wani lokaci hazo kan sake rufe musu gani. Maganin wannan shi ne a huda tantanin da ya dushe da tsinin hasken na'urar leza. Hasken nan kuwa daga wani dutse garai-garai yake fitowa, mai suna YAG, wanda aka sanya wa ƙwayoyin ƙarfen niyodimiyam. An fara ƙera wannan leza a Amurka a 1964. Niyodimiyam yana cikin dangin ƙarafa 17 da ake kira masu wuyar samu, akwai shi kuma cikin yashin monazayit na wuraren haƙar kuza a Jos.

To, dutsen nan haɗa shi ake yi. Sai an narka kayansa a zafin da ya kusa digiri 2,000, sa'an nan a yi makonni ana renonsa. In aka gama bai ba da haske ba, dukiya da lokaci sun salwanta. Yaya za a san ƙarshen aiki tun daga farkonsa?

A 1962 wasu masana biyu, Brian Judd da George Ofelt, kowa da nasa binciken, suka fito da amsa iri ɗaya. Lantarkin da ke ba da haske a ƙwayoyin nan a ɓoye yake can ciki, saboda haka launin hasken bai cika sauyawa daga dutse zuwa dutse ba, ƙarfinsa ne ke sauyawa. Sai a ɗauki ɗan gutsure a haska shi, a auna yawan hasken da ya sha, a fitar da lambobi uku kacal. Da su ake lissafa tsawon lokacin da ƙwaya za ta riƙe ƙarfin da ta sha, da irin hasken da za ta fi fitarwa. Wato Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai dai lissafin yana da iyaka. Ba ya faɗin ƙarfin da zai zube ya zama zafi, yakan kuma kuskure a kan ƙarfen firasiyodimiyam. Dole a gwada shi da awo.

Kirana ga ɗalibanmu shi ne su rungumi wannan fanni, domin farkon aikin bai buƙaci tanderu ba, sai na'urar awon haske, da lissafi, da haƙuri.